Yadda tsiro ke fasa ƙasa ya fito

Ka tambaye ni, ɗana, yadda tsiron da yatsa biyu ke murƙushewa yake iya fasa ƙasar da muka danne da diddige, da kuma dalilin da ya sa wake ya fito amma geron gefen laka ya ƙi.

Iri in ya sha ruwa sai ya kumbura, ɓawonsa ya tsage. Saiwa ce ke fara fita, ta nutsa ta kama ƙasa, sannan tsiro ya sami abin dogara ya tura sama. Ruwan da yake zuƙa shi ke cika jikinsa ya yi tauri, yana ƙara tsawo kaɗan-kaɗan dare da rana har ƙasa ta dare.

Gobe da sassafe ka tsuguna a layin wake ka duba da kyau. Ba da kai yake fitowa ba. Wuyansa yake lanƙwasawa, kamar mai sunkuyawa zai fita ta gajeriyar ƙofa, doron ya ture ƙasa, ɓari biyun ƙwayar suna biye a rufe da ɗanyen ganye a tsakaninsu don kada tsakuwa ta ji masa. Sai ya ga haske yake miƙewa ya buɗe. Gero da dawa da masara kuwa ƙwayarsu tana nan a rami, wani farin kube mai tsini ne ke huda ƙasa, ganyen yana naɗe a ciki.

To, kafin ganye ya ga rana, tsiro ba shi da abinci sai guzurin da ke cikin ƙwaya. Ƙwayar gero nawa take? In ka sari rami da zurfi da sungumi, guzurin zai ƙare a hanya. Shi ya sa nake hana ka wuce gaɓar yatsa ɗaya zuwa biyu ga gero; gyaɗa da wake kuwa sukan jure fiye da haka.

Na gefen lakar nan kuma ruwa mai ƙarfi ne ya daki ƙasa, rana ta biyo baya, saman ya ƙame ya yi ɓawo. Ka tona rami ɗaya, za ka tarar da tsiron ya nannaɗe a ƙarƙashi, rawaya-rawaya. In da ransa, ka farfasa ɓawon a hankali da tsinke, ban da fartanya. Inda ya ruɓe, mu jira ruwa na gaba mu sake shukawa.