Ramin da ke reshen ɗorawa: sheƙar maƙwaƙƙwafi ce?

Tambaya: Assalamu alaikum. A gonarmu da ke bayan garin Zariya akwai wata tsohuwar ɗorawa mai busasshen reshe. A makon jiya na ga rami a jikin reshen, kuma ana jin kukan 'ya'yan tsuntsu daga ciki. Yarana sun ce sheƙar maƙwaƙƙwafi ce. Ta yaya zan tabbatar, kuma yaya zan gane irinsa? Ina da niyyar sare reshen domin itacen girki kafin ruwa ya sauka.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ina roƙonka da ka dakata da gatarin tukuna, domin abin da za ka jira bai wuce wata guda ba, kuma a cikin kwanakin nan ne za ka sami amsar tambayarka da idonka.

Ka fara duba bakin ramin daga ƙasa. Maƙwaƙƙwafi da bakinsa yake sassaƙa gidansa, saboda haka ƙofar takan fito zagayayya sumul, daidai kaurin jikinsa, sau da yawa a gefen reshe ko a ƙarƙashinsa inda ruwan sama ba ya shiga. Daga ƙofar ramin yakan gangara ƙasa kamar tulu, kuma ba ya kai ciyawa ko gashi ciki, a kan ɓarɓashin itacen da ya sassaƙa matar ke zuba fararen ƙwai biyu zuwa huɗu. Idan ka ga sabon ɓarɓashi a gindin bishiyar, aikin bana ne. Idan kuwa an liƙe ƙofar da laka an bar siririyar tsaga kawai, wannan gidan cilakowa ne, wadda macen ke kulle kanta a ciki mijin yana miƙo mata abinci.

Sai dai rami shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Akwai wasu tsuntsaye masu kaurin baki da littattafan ilimin tsuntsaye ke kira babet, waɗanda su ma suna sassaƙa irin wannan rami a busasshen itace, sannan tsanwaka da tsirya sukan gaji kogon da ba su suka haƙa ba. Shaidar da ba ta ƙarya ita ce iyayen da ke kawo abinci. Ka sami inuwa mai nisan kamar taku talatin daga bishiyar, ka zauna da sassafe ba tare da motsi ba, da madubin hangen nesa in kana da shi. Maƙwaƙƙwafi yana tashi ne yana hawa da sauka a iska, in ya iso sai ya manne da jikin itace a tsaye, ya tokare da gashin jelarsa mai tauri, yatsu biyu gaba biyu baya. Babet kuwa a kan reshe yake sauka kamar sauran tsuntsaye, kuma yakan zo da 'ya'yan itace a baki.

Game da irinsa, wanda na fi zato a gonakin ƙasar Zazzau shi ne mai ruwan toka, wanda masana ke kira Dendropicos goertae. Tsawonsa kusan santimita 20 ne, kansa da ƙirjinsa ruwan toka, bayansa kore mai duhu, kuma akwai ja a gindin jelarsa da ke bayyana idan ya tashi. Namijin yana da jar hula, macen ba ta da ita. Na biyu shi ne Campethera punctuligera, wanda ya ɗan fi shi girma, cikinsa ruwan ɗorawa mai haske da ƙananan ɗigo baƙaƙe, namijinsa yana da jan zane daga gefen baki kamar gashin baki, kuma yakan sauka ƙasa neman tururuwa da gara. Akwai kuma wasu ƙanana da ba su wuce santimita 15 ba, ɗaya mai zane-zane a ciki, ɗaya mai baya ruwan ƙasa.

Wurin da masu kallon tsuntsaye suka fi yin kuskure shi ne wajen 'ya'yan, kuma a nan nake so ka fi mai da hankali. Ana ƙyanƙyashe su bayan kwanci na kusan mako biyu, tsirara, idanu a rufe, kuma uba ne ke kwana da su a ramin da dare. A kwanakin farko iyayen sukan shige ciki gaba ɗaya su daɗe, su fito ɗauke da kashin 'ya'yan a baki su jefar nesa. Idan ka ga uwa ta tsaya a ƙofa tana zura kai kawai, 'ya'yan sun fara hawowa. Idan kuma ka ga ƙaramin kai yana leƙowa yana kuka ba ƙaƙƙautawa, saura kwanaki kaɗan su tashi, domin zamansu a rami mako uku ne zuwa huɗu. A wannan lokacin kada jan da ke kansu ya ruɗe ka: a wasu nau'o'in, ciki har da mai ruwan toka, 'ya'ya maza da mata duka suna fitowa da ɗan ja a tsakar ka, sai daga baya na macen ya ɓace. Launinsu kuma bai kai na iyayen haske ba, bakinsu ya fi gajarta.

Wani lokaci ɗan da ke leƙowa ba ya kama da iyayen ko kaɗan. Tsuntsun nan da ke jagorantar masu neman zuma zuwa amya da kogon ƙudan zuma ba ya renon 'ya'yansa, a ramin wasu yake saka ƙwansa, kuma ɗansa yana fitowa da ƙugiya a baki da yake kashe 'ya'yan masu gida da ita. Idan ka ga haka, abu ne da ya cancanci a rubuta.

Abin da ba na so ka yi shi ne hawa bishiyar, ko zura hannu ko sanda ko fitila a ramin, kuma ka ja kunnen yara kan haka da kan danƙo. Tsoratar da 'ya'yan da suka kusa tashi yakan sa su faɗo kafin fikafikansu su yi ƙwari, yawan kai da kawo a gindin bishiya kuma yakan hana iyayen kawo abinci. Mafi alheri shi ne ka ba yaran littafi su riƙa rubuta rana, da lokaci, da wanda ya zo cikin iyayen, da abin da ya ɗauko. Irin wannan bayani yana da amfani ga shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis ke gudanarwa daga dajin Amurum kusa da Jos.

Idan ramin ya yi shiru kwana uku a jere kuma ba ka ƙara ganin iyayen suna shiga da abinci ba, 'ya'yan sun fita, kana iya sare reshen. Amma in ba ya barazana ga mutum ko dabba, ina ganin barinsa ya fi, domin tsuntsun yana kwana a irin wannan rami, yana kuma cinye tsutsotsin da ke huda sauran itatuwan gonarka, kuma busasshen itacen da zai iya sassaƙawa yana ƙaranci a gonakinmu saboda neman makamashi.