Dan Allah kada ki ba magen nan Panadol

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Na ga tambayarki tun da asuba, kin ce magenki kwana biyu ba ta cin abinci jikinta da zafi, ko ki fasa mata rabin Panadol a madara, kuma kina son sanin abubuwan da ke cutar da maguna a gida. Ni dai roƙona kada ki ba ta, ko kwata, ko ɓurɓushi. Ni na yi, kuma har yau abin na ci na a rai.

Lokacin muna zaune a Sabil nan Jidda muna da wani muzuru ja da yara suka sa wa Mishmish, ya faɗo daga katanga yana ɗingishi yana kuka, tausayi ya kama ni na raba ƙwayar Panadol gida biyu na tura masa rabi bayan isha'i. Da safe na same shi a bayan injin wanki fuskarsa ta kumbura har idon ya shige, tafin ƙafafunsa ma sun kumbura, yana numfashi sama-sama, da na ɗaga leɓensa dasashin ya tashi daga ja ya koma ruwan ƙasa. Muka kwashe shi sai wajen likitan dabbobi, shi ne ya ce mana hantar mage ba irin tamu ba ce, ba ta da abin da ke narkar da parasitamol, wato sinadarin da ke cikin Panadol, sai maganin ya ɓata jinin ya kasa ɗaukar iska, ƙwaya ɗaya ta 500 tana iya kashe babbar mage. Akwai makarinsa amma sai an kai ta a awannin farko, mu kuwa mun kwana. A daren ya mutu, 'yata sati guda ba ta yi min magana sosai ba. To ki lura Adol da Fevadol ɗin da muke saye a saidaliyya, wato kantin magani, duk abu ɗaya ne da Panadol, har na ruwa na yara. Brufen kuma ƙoda yake lalata musu, shi ma man Voltaren in kin shafa a gwiwa kar ki bari ta lashe.

Abin da na gane daga baya shi ne mage ba sai ta ci abu ba, duk abin da ta taka ko ya taɓa gashinta sai ta lashe shi, ai kin ga yini suke suna lasar jiki. Mu kuma Allah ya yi mu da son Dettol, a goge tayil da shi a wanke banɗaki da shi, alhali irinsa da ke mayar da ruwa fari kamar madara guba ne gare su, yana ƙona musu baki da harshe su yi ta dalalar da miyau. Ni yanzu ko da kloreks, wato bilic, na yi goge-goge sai na sake bi da ruwa zalla, na rufe mage a ɗaki sai ƙasa ta bushe sarai. Haka in an fesa Pif Paf saboda kyankyasai, a ɗauke kwanon abincinta da na ruwa tukun. Maganin ƙuma na karnuka kuwa mai permethrin ko kyauta aka ba ki kar ki ɗiga mata, karkarwa da farfaɗiya yake sa su. Maganin ɓera irin mai hana jini daskarewa shi ya fi yaudara don sai bayan kwana 3 zuwa 5 za ki ga alama, lokacin jini ya riga ya fara tsiyaya a ciki.

Sai ragowar abinci, kabsa da miyarmu ba sa rabuwa da albasa da tafarnuwa, su kuma a hankali suke fasa mata ƙwayoyin jini ko an dafa. In za ki ba ta kaza ki tafasa mata tata ba gishiri ba komai. Gahawa da cakulan ma a kawar. Furen lili da ke zuwa cikin damin furannin biki ko ruwan da aka jiƙa shi ta sha ƙoda ta tafi, ga daflan nan, itacen fure mai guba da ake shukawa a bakin titi, ga koren ruwan radiyeta in maigida na ajiyewa a gida, shi cokalin shayi ɗaya ya isa ya kashe ta. Turaren wuta dai na san ba za mu bari ba, amma a fitar da ita daga ɗakin a buɗe taga.

In kuma ta riga ta ci wani abu, manja da madarar da muka saba ɗura wa mutum ba sa komai, ruwan gishiri don ta yi amai ma wata gubar ce. Ki ɗauki kwalin abin ki tafi da shi, in a gashinta ya zuba ki wanke da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke.

Ita taki kwana biyu ba ci kansa ba ƙaramin abu ba ne ga mage, ki kai ta yau kar ki jira gobe. Kafin ki fita ki tuna ko kin yi feshi ko goge-goge a kwanakin nan ki faɗa wa likitan, kuma ki ɗaga leɓenta ki duba dasashin. Allah ya ba ta lafiya, ki sanar da mu yadda kuka yi.