Amsa ga 'yar uwar da ta tambaya kan makarantar intanet ta yara

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Naga tambayarki tun jiya, kince kun dawo jihar Ohayo ta Amurka ba da jimawa ba, kina so ki cire yaronki ɗan shekara takwas daga makarantar unguwa ki sa shi ta intanet saboda ya samu lokacin hadda, kuma kina so ki san yadda abin yake tafiya. Nima a Kolombus nake nan Ohayo, yarana biyu sun yi makarantar intanet, ɗaya ta yi shekara uku a ciki, ɗaya ya yi shekara ɗaya kacal na maida shi aji, to bari in faɗa miki abinda na gani da idona.

Da farko ki raba abu biyu da mutane suke haɗawa. Akwai wanda iyaye ke koyar da yaro da kansu a gida, su zaɓi littafi su tsara komai, wannan daban. Ita kuma makarantar intanet makarantar gwamnati ce cikakkiya, akwai malamai masu lasisi, akwai manhajar jiha, akwai rajista da sakamako, gini ne kawai babu. Ba a biyan ko sisi, kuma a nan Ohayo su ke ba yaro kwamfuta. Mu ranar da kayan suka iso kwali biyu ne manya, kwamfuta da littattafai da kayan gwaje-gwajen kimiyya har da ɗan gilashin ƙara girman abu, yarinyata ta wuni tana duba ganye da shi a bayan gida. Sannan kar ki auna ta da abinda aka yi lokacin korona a 2020, wancan na gaggawa ne, malaman aji aka ce su koma Zoom dare ɗaya ba shiri.

Yadda ranar take, yaro zai shiga shafin makaranta da safe da sunansa da lambar sirri, zai tarar da jerin darussan ranar, lissafi, Turanci, kimiyya da sauransu. Wasu darussan kai tsaye ne, malama tana magana yara suna ɗaga hannu da maɓalli ko su rubuta a gefe, wasu kuma yaro ne zai karanta ya kalli bidiyo ya amsa tambayoyi shi kaɗai. Na kai tsayen ba su da yawa, mu bai wuce awa biyu a rana ba, sauran duk aikin gida ne, kuma anan ne maganar take. Tun wajen cike fom zasu tambayi waye babban da zai zauna da yaron, kociyan karatu suke ce masa, kuma wallahi ba suna bane kawai, aiki ne. Ɗan shekara takwas bazai iya karanta umarnin darasi ya gane ya bi shi kaɗai ba, ke zaki zauna kusa da shi, ke zaki buga takardu a firinta, ke zaki ɗauki hoton abinda ya rubuta da hannu ki tura, ke zaki duba saƙon malama, ke zaki rubuta awannin da yayi. Ni da ƙaramin nawa awa huɗu zuwa biyar nake a teburi kullum, ga goyo ga girki, ranar da na tashi na ɗora tukunya in na dawo sai in tarar darasi yana ta tafiya shi kuma yana ƙarƙashin teburi da motar wasa, kyamara a kashe, malama bata ma sani ba.

Maganar awannin nan kar ki ɗauke ta da wasa. Dokar jiha awa 920 ce a shekara, kuma in yaro ya ɓace awa 72 na karatu a jere ba uzuri cire shi zasu yi daga rajista. Dalilin tsananin shine akwai wata babbar makarantar intanet a nan mai suna ECOT da aka rufe a Janairun 2018 ana tsakiyar zango, gwamnati ta gano tana karɓar kuɗin ɗaliban da ta kasa nuna shaidar suna karatu, aka ce ta maido kusan dala miliyan 80, yara wajen 12,000 suka wayi gari ba makaranta. Tun daga nan ake sa ido sosai. Jarrabawar jiha kuma ba a gida ake yi ba, zasu turo miki rana da wuri ki kai shi da kanki ya zauna da mai sa ido, kuma ɗan aji uku a Ohayo jarrabawar karatunsa tana da muhimmanci sosai, naki dai-dai wannan shekarun yake.

Babbar tawa tana da sha uku lokacin da ta fara, ita kam Alhamdulillah ta dace da ita. Yarinya ce mai tashi da kanta, bayan asuba tayi hadda da malaminta ta waya, takwas da rabi ta buɗe kwamfuta, kafin la'asar ta gama, ba maganar abincin makaranta ko neman wurin sallah ko tsokana kan hijabi, da azumi ma tana iya jan wasu darussan zuwa dare. Izu ashirin ta samu a shekarun nan. Amma ko ita sai da na lura ta fara yin shiru da yawa, sati guda bata ga sa'arta ido da ido ba, dole muka sa mata islamiyyar Asabar da Lahadi da zuwa laburare duk Laraba.

Ƙaramin ne abin bai karɓe shi ba. Makinsa a shafi yana da kyau saboda ana barin yaro ya sake gwada wasu tambayoyin, ni kuma ina gefensa ina ɗan tuna masa, ban ankara ba sai wata rana na ba shi lissafin ragewa mai aro a takarda na koma gefe, yaron nan ya riƙe fensir yana kallona hawaye na zubo masa. Abin ya tsaya min a rai har yau. Ga Turancinsa ma ya daina gaba tunda a gida Hausa muke yi, kuma yara a bakin yara suke ɗaukar yare, wannan ki duba shi da kyau tunda naki bai daɗe da zuwa ba. Daga baya na samu labarin binciken da cibiyar CREDO ta jami'ar Stanford ta fitar a 2015, sun gano ɗaliban irin makarantun nan suna baya a lissafi kamar wanda ya rasa kwana 180 na karatu a shekara, a karatu kuma kwana 72, in aka kwatanta da 'yan aji. Ba kowane yaro ba, amma na ga nawa a ciki.

Don haka ni a ganina in kina fita aiki ko kina da jinjiri kuma ba wani babba a gidan da safe, ki bar shi a aji wannan shekarar, a tsara haddar bayan asuba da bayan magariba. In kuma kina gida kuma kin shirya zama da shi, ki kira makarantar kafin ki cike komai ki tambaye su darasi nawa ne kai tsaye a sati, yara nawa ne a hannun malama ɗaya, kuma wane taimako suke ba yaron da Turanci ba yarensa na gida bane. Kar ki cire sunansa daga makarantar unguwa sai sabuwar ta turo miki takardar karɓa da ranar farawa. Allah ya raya mana su, ya ba shi Alƙur'ani.