Ka bi ta ofishin bincike na jami'arku

Malam, kana tambaya ko mai nazarin tarihi ko adabi zai iya neman tallafin bincike ba tare da ofishin bincike na jami'arsa ba, wato ofishin da ke kula da neman tallafin bincike. In tallafin na mutum ɗaya ne, irin wanda ake bayarwa don ka zauna ka rubuta littafi, sau da yawa za ka iya. In kuwa kuɗin gudanar da aiki ne, yawanci jami'a ce ke sa hannu ta karɓa, dole ka bi ta can.

Ko na farkon ma kada ka tsallake su. Na ga wanda ya samu tallafin amma sashensu ya hana shi hutun koyarwa, don bai nemi amincewar shugaban sashe tun farko ba. Ka kai wa ofishin binciken daftarinka da kasafin kuɗin da wuri, ba ana jibi rufe karɓar takardun neman tallafin ba.