Tambaya da Amsa: Ko Ya Dace a Kai Ɗalibai Gidan Ɗan Hausa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata makarantar firamare da ke cikin birnin Kano, kuma ina da niyyar kai 'yan aji shida ziyara Gidan Ɗan Hausa kafin ƙarshen zango. Sai dai wani dattijo daga cikin abokan aikina ya ce bai ga amfanin kai yara gidan Baturen mulkin mallaka ba, alhali ga Gidan Makama nan kusa da mu. Mene ne ainihin tarihin gidan, kuma me yara za su ƙaru da shi? Daga wata malama, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Dattijon nan yana da hujja, domin Gidan Makama ya girmi Gidan Ɗan Hausa da ɗaruruwan shekaru, tun da ana danganta gininsa da zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, kuma duk yaron da ya tashi a Kano ya kamata ya san shi. Amma gidajen biyu ba labari ɗaya suke bayarwa ba, kuma labarin da ke Gidan Ɗan Hausa ya shafi ɗalibanki kai tsaye, saboda a unguwar Nassarawa, inda gidan yake, aka dasa irin makarantar da suke zuwa kowace safiya.

Mutumin da ake kira Ɗan Hausa shi ne Hanns Vischer, wanda aka haifa a birnin Basel na ƙasar Siwizalan a 1876. Ya fara shigowa ƙasar nan ne a matsayin ɗan mishan, daga baya ya karɓi takardar zama ɗan Ingila, ya shiga aikin gwamnatin mulkin mallaka, aka tura shi Barno. A 1906 ya ratso Sahara tare da ayari daga Tarabulus har zuwa yankin Tafkin Chadi, ta tsohuwar hanyar fatake. Yadda Hausa ta zauna a bakinsa ne ya sa mutane suka laƙaba masa sunan da har yau gidan ke amsawa. A 1909, wato shekara shida bayan Turawa sun ci Kano, a zamanin Sarki Abbas, ya buɗe makarantar gwamnati ta farko a Arewa a nan Nassarawa. An koyar da malamai da 'ya'yan sarakuna, an kuma yi sashen koyon sana'o'in hannu, kuma da Hausa ake ba da darasi. A 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da haruffan boko. Ba shi ya fara rubuta harshen da waɗannan haruffa ba, domin 'yan mishan sun riga shi tun a ƙarni na 19, kuma Hausawa sun daɗe suna rubutu da ajami kafin su duka, amma daga makarantarsa ne boko ya zama rubutun ofis da na aji.

Ba na ba ki shawarar ki gabatar wa yara da shi a matsayin gwarzon da ya kawo haske, kamar yadda wasu suke yi. Ma'aikacin gwamnatin da ta ci ƙasar da yaƙi ne, kuma babbar buƙatar wannan gwamnati ita ce ta sami malaman ofis da masu awon ƙasa da hakiman da za su iya riƙe littafin haraji. Iyayen da suka ƙi ba da 'ya'yansu a lokacin suna da dalilinsu. Yaro ɗan shekara goma sha biyu yana iya riƙe waɗannan abubuwa biyu tare, in dai an faɗa masa su ba tare da ƙari ko ragi ba, kuma a ganina wannan ita ce amsar da za ki ba abokin aikinki cikin ladabi.

Sannan akwai abin da masu ziyara da yawa suke wucewa ba su lura ba, wato ginin kansa. Bature ne ya zauna a ciki, amma hannun maginan Kano ne ya ɗora shi, da tubali da ƙasa da azara. Idan kun shiga, ki sa yaran su ɗaga kai su dubi yadda aka lanƙwasa bakan gizo ya riƙe rufin soro ba tare da ƙarfe ko siminti ba, su taɓa bango su ji kaurinsa, sa'an nan ki tambaye su dalilin da ya sa ɗakin ke da sanyi alhali rana na dukan waje. Su fita su dubi zankaye da indararo, su yi tunanin inda ruwan damina yake bi. Ginin ƙasa ba ya tsayawa sai da yaɓe da gyara a kai a kai, don haka tsayuwar wannan gida sama da shekara ɗari shaida ce ta cewa an yi ta kula da shi. Yawancin ɗalibanki a gidan bulo da kwano suka tashi, ƙila ma a ranar ne wasunsu za su fara shiga soro irin wannan.

Gidan yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, kuma an ajiye tsofaffin hotuna da kayan sana'o'in gargajiya a cikinsa. Ki rubuta wa hukumar takarda da sunan makarantarku tun da wuri, domin a tanadar muku wanda zai zagaya da ku, a nan ne kuma za ki ji ranakun buɗewa da abin da ake biya. Ki raba yaran rukuni-rukuni don kada na baya su rasa jin bayani, ki nemi izini kafin a ɗauki hoto, kowane yaro kuma ya riƙo littafi da fensir ya zana abu ɗaya da ya gani. Idan kuɗin mota ya isa, ku biya ta Gidan Makama a kan hanyarku ta komawa cikin gari, kuma ki roƙi dattijon ya raka ku, shi ya yi wa yaran bayanin wancan gidan.