Tambayi Makanike: Motata ta fizge da ni ban taka totur ba

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙu huɗu na ware wannan makon kuma duk maganarsu ɗaya ce, mota ta ƙi jin maganar ƙafa. Ta farkon ce za ta ci mana fili don ita ce ta fi tayar min da hankali.

TAMBAYA: Salam Oga, dan Allah ka taimaka min da bayani don har yanzu in na tuna jikina rawa yake. Ni malamar makaranta ce a Samaru, motata otomatik ce 'yar Beljiyam, shekara biyu ina tuƙa ta bata taɓa min komai ba. Ranar Asabar na karɓo ta daga wajen wanki zan shiga Sabon Gari, kafin in kai Kwangila na taka totur sosai zan wuce wata tirela, ina ɗaga ƙafa sai motar ta ƙi saki sai ma ƙara gudu take injin na ta ihu, na taka birki na saki na taka na saki har ya zo ya yi tauri kamar dutse, ga 'yan acaɓa ga masu keke ga yarana biyu a baya, ni dai salati kawai nake. Allah ne ya kiyaye na murɗa makulli ta mutu na gangara gefen titi. Maigida ya ce ruɗewa na yi na taka totur a madadin birki, makanikensa ya jona mata kwamfuta ya ce bai ga komai ba, a gida kuma har an fara cewa hannu aka sa min. Ni dai na san abin da na taka. Me ya faru, kuma in sayar da ita ne? Daga wata malama, Samaru.

AMSA: Malama sannu, Allah ya ƙara tsarewa, ya raya yaran. Kar ki sayar tukuna. Kafin ki ƙarasa karanta amsar nan ina so ki je ki buɗe ƙofar direba ki durƙusa ki kalli kafet ɗin da ke ƙarƙashin ƙafarki, don abu uku da kika faɗa duk wuri ɗaya suke nunawa: daga wanki kika fito, kin taka totur har ƙasa, kuma da kika ɗaga ƙafa ne ya ƙi dawowa.

Yaran wanki suna fitar da kafet su wanke su shanya, wajen mayarwa ba kowa ke maƙala shi a ƙugiyoyin nan biyu da ke jikin ƙasan mota ba, wani ma na gefen fasinja zai sa a wajen direba don shi duk ɗaya ne a wurinsa. Mu kuma da kanmu muna ƙara wa abin, a sayo na roba mai kauri a ɗora kan na asali saboda laka, wani har da yankin dardumar ɗaki a sama. Duk birkin da kika taka kafet ɗin na ɗan zamewa gaba, ranar da kika danna totur har ƙasa sai bakin totur ɗin ya shige ƙarƙashin leɓen robar ya maƙale. Daminar bara an kawo min wata mota da irin ƙorafinki sak, na jawo robar waje na kife ta kan benci, ga wani rami nan a gefenta daidai faɗin totur, ya goge har yana sheƙi. Mai motar ya daɗe tsaye yana kallon ramin bai ce komai ba. Shi ya sa kwamfuta bata nuna komai, ita a wurinta ƙafa ce ke takawa, bata san bambancin ƙafa da roba ba.

Kuma kar ki ɗauka ƙaramin abu ne ko a nan kaɗai ake yi. A watan Agustan 2009 kusa da San Diego a jihar Kalifoniya ta Amurka, wani jami'in 'yan sandan babbar hanya, mutumin da tuƙi ne aikinsa, ya rasu shi da matarsa da 'yarsa da surukinsa cikin wata Lexus ES 350 da dila ya ba shi aro. Bincike ya nuna kafet ɗin wata babbar Lexus aka sa a ciki, ya danne totur, motar ta haura kilomita 160 a awa kafin ta yi karo. Daga nan ne Toyota, kamfanin da ke ƙera Lexus, ta yi kiranyen miliyoyin motoci, wato ta ce a dawo da su a gyara, a 2009 da 2010, wasu saboda kafet wasu saboda totur ɗin da ke nauyin dawowa, a 2014 kuma ta biya gwamnatin Amurka dala biliyan 1.2 kan yadda ta ɓoye wa mutane gaskiyar lamarin. Mutane da yawa sun zargi kwamfutar motar, har aka sa injiniyoyin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, suka bincika, rahotonsu na 2011 bai samu wata matsalar lantarki da ke jawo irin wannan gudun ba, duk da a 2013 wata kotu a Oklahoma ta kama kamfanin da laifi kan wata Camry ta 2005 bayan ƙwararru sun soki yadda aka rubuta manhajar totur ɗinta. Ina kawo wannan ne don da yawa daga cikin motocin da ke yawo a Zariya na waɗancan shekarun ne, daga can aka kwaso su, kuma ba kowacce aka kai gyaran kiranyen ba kafin a loda ta a jirgi.

Maganar maigida kuma ba daga sama ya ɗauko ta ba. Taka totur a zaton birki yana faruwa sosai, ga maza ga mata, ga sabon hannu ga tsohon direba, kuma wanda abin ya samu zai rantse da Alƙur'ani birki ya taka don har zuciyarsa haka ya sani. A shekarun 1980 an yi ta wannan rigimar a Amurka kan motar Audi 5000, ƙarshe hukumar kiyaye haɗurran hanya ta can ta ce yawanci kuskuren ƙafa ne, daga lokacin ne ma ya yaɗu cewa otomatik bata fita daga P, wato giyar fakin, sai an taka birki. Amma shi wannan ya fi faruwa wajen fakin, ko ribas, ko shiga get, lokacin da mutum ya juya jiki yana waige ƙafarsa ta goce. Naki a kan titi ne kina cikin tafiya, kuma kin ji birkin ya yi tauri, wanda ke nuna birkin kika taka da gaske. Don haka ni na yarda da ke.

Taurin nan ma bari in miki bayaninsa don shi ya kusa jawo babbar asara. Laushin da kike ji a birki ba ƙarfin ƙafarki ba ne kaɗai, akwai wani baƙin tulu a bayan inji da muke cewa sabo, yana aiki ne da zuƙar iskar da inji ke yi. In totur na buɗe gaba ɗaya zuƙar nan kusan babu ita, abin da ya rage a tulun na taki biyu ko uku ne, to duk sakin da kika yi kika sake takawa kin zubar da shi. Da kin danna sau ɗaya da dukkan ƙarfinki kin riƙe, ko da ƙafa biyu ne, birki mai lafiya ya fi ƙarfin inji.

To ga abin yi in Allah ya kiyaye ya sake faruwa. Danna birki ki riƙe, kar ki saki. Hannunki ya tura giya zuwa N, wato firi, a yawancin otomatik daga D zuwa N ko maɓallin jikin giyar ba sai kin danna ba, turawa ɗaya ce. Injin zai yi wata irin ƙara kamar zai fashe, ƙyale shi, kwamfutarsa na da iyakar da take tsayar da shi, kuma ko ma ya lalace ai inji ne. Ki sauka gefe, ki tsaya cak, sannan ki kashe. Murɗa makullin da kika yi ya cece ki amma shi ne dabara ta ƙarshe, don da inji ya mutu sitiyari zai yi nauyi, in kuma hannu ya zarce makullin ya koma ƙarshe a wasu motocin sitiyarin kulle kansa zai yi ana cikin gudu. Taki ɗaya kawai ake murɗawa baya. Hambirki kuma kar a fizge shi da gudu, tayoyin baya za su kulle motar ta juya.

Ina roƙonki ki samu fili ko layin da ba kowa da safe, ki tafi a hankali, ki riƙa tura giyar N kina mayarwa D har hannun ya saba ba sai kin kalla ba, a sa maigida ma ya yi. Kafet kuma ɗaya tak a wajen direba, a maƙale, in ƙugiyar ta karye gara a cire shi gaba ɗaya. Gorar ruwa da takalmin da ake cirewa a aje ƙarƙashin kujera suma a kwashe su, na sha ganin gora ta gangaro ta shige bayan birki. Addu'a kam kar a fasa, amma a fara duba robar.

TAMBAYA: Oga barka da aiki. Bas nake ja ta haya Zariya zuwa Funtuwa, manuwal ce tsohuwa. Kwana biyun nan in na taka totur wani lokaci sai ya tsaya a ƙasa sai na sa ɗan yatsan ƙafa na ɗago shi, na saba har bana jin komai. Yaron mota ya ce a ɗiga baƙin mai. Ya isa? Daga wani direba, tashar Kwangila.

AMSA: Direba bai isa ba, kuma sabon nan da ka yi shi ya fi ba ni tsoro, mutum goma sha kake ɗauka a bayanka. Motarka waya ce ke jan totur daga ƙafa zuwa inji, wayar nan silili ne da yawa aka murɗe cikin kube. In ta tsufa sililin na tsinkewa ɗaya bayan ɗaya su riƙa kartar cikin kuben, ƙurar hunturu ta shiga ta haɗu da maiƙo ta zama kamar ƙullu. Baƙin mai zai sa ta yi laushi kwana uku sannan ya ƙara tara ƙura. Wata rana silili ɗaya zai harɗe, ka ɗago fedar da yatsa ta taso amma can wajen inji a buɗe take, kuma ba za ta zaɓi inda ba kowa ba, tana iya yi maka a tsakiyar kasuwar Giwa. A canza wayar sabuwa, a duba sifirin ɗin da ke mayar da totur ko ya saki, na ga inda aka ɗaura robar tayar keke a madadinsa wallahi. A duba injin sit ma, wato robar da inji ke zaune a kai, in ya tsage injin na ɗagawa gefe ɗaya lokacin da ka ba shi wuta ya ja wayar da kansa. Kai dai kana da abin da mai otomatik ba shi da shi, kuloci. Ko me ya faru taka shi har ƙasa, inji ya rabu da taya, sai birki. Kuɗin wayar bai kai lodi ɗaya ba, yau ka yi shi kafin ka shiga layi.

TAMBAYA: Salam. Na kai motata aka wanke mata totur bodi a Tudun Wada, tun daga nan silo ɗinta ya hau, allurar na zama wajen 1500 ko ta yi zafi, in na sa D tana tafiya da kanta da ƙarfi sai na danne birki sosai a gosulon PZ, wani lokaci kuma rezin take tana sauka ita kaɗai. Sun ɓata min ita ne? Daga wani ɗalibi, Kongo.

AMSA: Ƙanena da wuya a ce ta ɓaci. Inji in ya yi zafi silo ɗinsa, wato juyin da yake yi ba a taka totur ba, tsakanin 600 ne zuwa 900 a minti, da sassafe ne kaɗai ko in an kunna AC yake ɗan hawa. Totur bodi shi ne ƙofar da iska ke bi ta shiga inji. Kafin wankin datti ya cike bakin totur ɗin, kwamfutar ta saba buɗe shi da ɗan yawa don iska ta samu hanya, yanzu an share dattin ita kuma tana nan kan tsohon lissafinta, iska ta yi yawa. Sai an sake koya mata, wasu motocin da na'urar da ake jonawa, wasu akwai tsarin kunnawa da kashewa da ake bi, kowace da nata. In an yi haka bai sauka ba to iska na shiga ta ɓarauniyar hanya, ko gasket ɗin ba a mayar daidai ba ko wani ƙaramin tiyo ya tsage ko an manta ba a jona shi ba, kuma hawa da saukar nan da ka ce ta fi kama da haka. Ka koma wajen wanda ya yi aikin ya ƙarasa. Abin da ban yarda a yi maka ba shi ne a kama ɗan ƙusan da ke jikin totur bodin a yi ta murɗawa don allura ta sauka, daga kamfani aka saita shi. Kafin a gyara ka bar tazara sosai tsakaninka da na gaba.

TAMBAYA: Oga tawa ba makulli, maɓalli ake dannawa. In irin haka ta faru ya zan kashe ta? Kuma kuruz ɗin da nake sawa a hanyar Kaduna zai iya ƙin sakina? Daga wani ma'aikaci, Shika.

AMSA: Yallaɓai in mota na tafiya dannawa ɗaya bata kashe ta, da gangan aka yi haka don kar gwiwa ko yaro ya taɓa. A Toyota da Lexus danna shi ake a riƙe na daƙiƙa 3, wasu motocin kuma ana danna shi sau uku da sauri, ka duba littafin taka tun yanzu. Amma kai ma N ce farko, kashewa daga baya. Kuruz kuwa, wato abin da ke riƙe wa mota gudu ba sai an taka totur ba, da ka taɓa birki yake saki, kuma ɗan suwic ɗin da ke kunna jan wutar baya ne ke gaya masa an taka. Ka sa wani ya tsaya bayan motar ka taka birki ya gani, in danjar bata kamawa ko tana kamawa tana ɗaukewa kar ka ƙara kunna kuruz sai an canza suwic ɗin. In ana ruwa ma a bar shi a kashe.