Tambaya da Amsa: Damben Jiya, Daga Fagen Kaka Zuwa Gidajen Birni

Wasiƙun da suka iso mana a wannan wata sun karkata ga dambe, na gargajiya da na zamani, saboda haka muka zaɓi huɗu daga cikinsu domin mu amsa.

Tambaya: Malam, ni matashi ne daga Gusau, kuma ina yawan kallon dambe a waya. Duk lokacin da kakana ya leƙo ya gani, sai ya ce wannan ba shi ne damben da ya sani ba, domin a zamaninsu dambe na mahauta ne. Shin gaskiya ne, ko kuwa son jiya ne kawai irin na tsofaffi?

Amsa: Ƙanena, Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma a wannan magana kakanka yana da hujja. Dambe a ƙasar Hausa ya taso ne a hannun mahauta, waɗanda ake kira rundawa, kamar yadda kokawa ta fi ƙarfi a tsakanin manoma. Lokacinsa shi ne kaka, bayan an kawar da amfanin gona, sa'ad da hatsi ya shiga rumbu, kuɗi ya shiga hannun mutane, bukukuwan aure suka yawaita, nama kuma ya sami masu saye. Mahauta sukan bi kasuwanni daga gari zuwa gari tare da samarinsu da makaɗansu, idan sun sauka a wani gari kuma aka gama ciniki, sai samarin baƙi su sa zare da samarin masu masauki. Wanda ya shiga fage a wancan zamani ya shiga ne da sunan gidansu da garinsu, kuma idan aka kai shi ƙasa, kunyar ba tasa ba ce shi kaɗai.

Ina yaro mahaifina ya taɓa riƙe hannuna ya kai ni fage a bayan kasuwa bayan sallar la'asar, kuma abin da ya fi zama mini a rai shi ne yadda aka ɗaure wa wani saurayi hannu. Ya zauna a kan tabarma ya dunƙule hannunsa na dama, maigidansa ya fara naɗe shi da tsumma, sannan ya bi da zare yana ja yana ɗamewa, zagaye bayan zagaye tun daga yatsu har wuyan hannu, har hannun ya koma kamar kan taɓarya. Saurayin bai ce uffan ba sai da mai kalangu ya saki takensa. Nan take ya miƙe jikinsa yana rawa, ya ɗaga hannun sama ya fara kirari da muryar da ban zaci tana cikin ƙirjinsa ba. Da suka fuskanci juna da abokin karawarsa, kowa ya miƙa hannunsa na hagu a buɗe, wato garkuwa, ya janye mai zaren can baya, suka daɗe suna auna juna har na fara ƙosawa, sai kawai na ji fage ya ɗauki ihu, ƙura ta tashi, mutum yana ƙasa.

Ƙa'idar wasan ba ta sauya sosai ba. Har yanzu turmi uku ake yi, kuma da zarar hannu ko gwiwar mutum ta taɓa ƙasa an ce an yi kisa, idan kuwa turmin suka ƙare kowa yana tsaye sai a ce an tashi babu kisa. Abin da ya sauya shi ne muhallin. Dambe ya bar jiran kaka ya koma gidajen da ake buɗewa kusan kowace rana a shiga da kuɗin ƙofa, irin su gidan damben Ado Ɗan Kware a Kano da na Ali Zuma a Dei-Dei ta Abuja. 'Yan wasa sun rabu ɓangare uku, Kudu da Guramaɗa da Arewa da ake yi wa laƙabi da Jamus, kuma ɗan manomi da ɗan maƙeri da direba duk suna ɗaura zare. An kuma daina amincewa da wasu abubuwa masu haɗari na da, kamar akayau na ƙarfe da ake sa wa a ƙafa da abubuwan da wasu kan ɓoye a cikin zare, kuma a ganina wannan gyara ne da ya dace ƙwarai, domin ya tsare rayuka da idanun matasa da yawa. Saboda haka ka gaya wa kakanka cewa ya yi gaskiya a kan asali, amma bugun da ake yi yau bai fi na jiya sauƙi ba.

Tambaya: Ni dattijo ne a Katsina, shekaruna sun haura saba'in. Muna gardama da abokaina a majalisa a kan Shago. Wasu sun ce Ɗan Anace ne ya kambama shi, da ba don waƙa ba da bai fi sauran 'yan damben zamaninsa ba. Mene ne ra'ayinku?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Gardamar majalisarku ta taɓo zuciyar tarihin dambe gaba ɗaya, domin damben da kuka gani da idonku ba a ajiye shi a takarda ba. Ba a riƙe littafin da ake rubuta wane ya buge wane a rana kaza, kuma ba a auna nauyin mutum kafin ya shiga fage. Makaɗi shi ne ma'ajiyar labari. Shi yake riƙe sunan ɗan dambe da na maigidansa da garuruwan da ya taka da mazajen da ya kayar, kuma abin da bai shiga bakin makaɗi ba yakan bi mai shi kabari. Ta wannan fuska abokanku suna da rabin gaskiya: akwai jarumai a ƙasar Sakkwato da Zamfara da Katsina da Kano waɗanda hannunsu bai gaza ba, amma ba su dace da mawaƙin da muryarsa ta shiga rediyo da kaset ba, sai sunansu ya tsaya a iyakar kasuwannin da suka sani.

Sai dai ban yarda cewa waƙa kaɗai ce ta yi Shago ba. Makaɗin dambe yana waƙa ne a gaban mutanen da suka halarci fagen, cikinsu har da magoya bayan wanda aka buge, kuma idan ya ɗora wa rago kirarin jarumi, fage na gaba zai ƙaryata shi a bainar jama'a. Muhammadu Ɗan Anace ya yi wa 'yan dambe da dama waƙa, ya kuma yi wa manoma, amma wadda ya yi wa Shago ita ce ta fi tsayawa a bakin mutane, har karawarsa da Ɗandunawa ta zama labarin da yaran da ba su taɓa ganin ko ɗayansu ba suke bayarwa kamar a gabansu aka yi. Irin wannan ba ya faruwa sai gwanin hannu ya haɗu da gwanin baki, kowa ya ɗaga ɗan'uwansa.

Akwai kuma wani wurin da tarihin ya ɓuya, wato sunayen 'yan wasa. Idan kuka ji ana kiran shagon wane, ko autan wane, ko garkuwan wane, ko bahagon wane, ana faɗa muku gidan da yaro ya fito ne da wanda ya koya masa ɗaurin zare. Wanda ya bi waɗannan sunaye a hankali zai iya jero salsalar 'yan dambe daga na yau har zuwa na zamaninku, kamar yadda ake bin salsalar malamai.

Tambaya: Ni 'yar Maraɗi ce. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan ambaci Dick Tiger da Issaka Dabore idan ana hirar damben zamani. Su wane ne su, kuma me ya sa yanzu ba a jin labarinsu?

Amsa: Amin, 'yar'uwa, Allah ya gafarta masa. Mahaifinki ya rayu a lokacin da damben safar hannu ya ɗaga sunan ƙasashenmu a duniya kafin ƙwallon ƙafa ta mamaye komai. Wanda ya buɗe ƙofa shi ne Hogan Bassey, ɗan Kalaba, wanda ya ci kambun duniya a ajin marasa nauyi a 1957 a birnin Paris bayan ya doke Cherif Hamia, tun Najeriya ba ta sami 'yancin kai ba. Ya riƙe kambun har 1959, daga baya kuma ya koma horar da matasa a gida.

Dick Tiger, wanda sunansa na yanka Richard Ihetu, ɗan ƙabilar Ibo ne daga Amaigbo. A 1962 ya doke Gene Fullmer a Amurka ya zama zakaran duniya a ajin matsakaita nauyi, sannan a watan Agusta na 1963 suka sake haɗuwa a filin wasa na Liberty da ke Ibadan, inda ya sake yin nasara a gaban mutanen ƙasarsa. A 1966 ya hau aji na gaba ya karɓe kambu daga hannun Jose Torres. Yaƙin basasar Najeriya ya taɓa rayuwarsa da dukiyarsa ƙwarai, kuma ciwon hanta ya yi ajalinsa a ƙarshen 1971.

Issaka Dabore kuwa naku ne. A gasar Olamfik ta birnin Munich a 1972 ya ciyo wa Nijar lambar tagulla, ita ce lambar Olamfik ta farko a tarihin ƙasar, kuma ta zauna ita kaɗai shekara 44, har sai da Abdoul Razak Alfaga ya samo azurfa a wasan taikwando a Rio a 2016. A wannan gasa ta Munich ɗin ce Isaac Ikhouria ya samo wa Najeriya tagulla, bayan Nojim Maiyegun ya ciyo mata lambarta ta farko, ita ma tagulla kuma a dambe, a Tokyo a 1964. Abin da ke ba ni takaici shi ne waɗannan mutane suna da komai a rubuce, da rana da wuri da sunan abokin karawa, amma matasanmu sun fi sanin Muhammad Ali da George Foreman da karawarsu ta Kinshasa a 1974. Damben safar hannu bai taɓa samun gindin zama a ƙasar Hausa kamar na gargajiya ba, domin mai sha'awar bugu yana da fagensa a bayan kasuwa, kuma babu mai kalangun da ya riƙe taken Dabore yana maimaita shi a bukukuwa.

Tambaya: Mahaifina tsohon ɗan dambe ne, yanzu ya tsufa a Zariya. Muna da tsofaffin kaset da zarensa da layunsa a cikin adaka. Me kuke ganin ya kamata mu yi da su?

Amsa: Ɗan'uwa, ku fara da kaset ɗin, domin zarensu yana lalacewa da zafi da laima, kuma na'urar kunna su tana ƙara wuyar samu. Ku nemi mai gyaran rediyo ya share kan na'urar kafin a saka su, a kunna kowanne sau ɗaya a naɗi sautin a kwamfuta, a ajiye shi a wuri fiye da ɗaya, a kuma rubuta a jikin kowane kaset sunan makaɗi da wanda aka yi wa waƙar. Zaren da layun ku naɗe su a farin ƙyalle ku ajiye a busasshen wuri, kada ku buɗe layun ba da izininsa ba.

Bayan haka ku zauna da Baba da waya tana naɗar murya, da hantsi lokacin da jikinsa yake da ƙarfi, kuma kada ku ce masa ya ba ku tarihinsa gaba ɗaya, domin zai ce babu abin faɗi. Ku kunna masa takensa tukuna ku bar shi ya saurara. Sannan ku tambaye shi wanda ya fara ɗaure masa hannu, da garin da ya fara fita, da abin da aka ba shi ranar kisansa na farko, da sunan makaɗinsa, da mutumin da ya taɓa kai shi ƙasa. Wannan ta ƙarshe ku ajiye ta sai hira ta yi nisa, kuma ya fi kyau jikansa ne zai yi masa ita.